Ƙafa Huɗu, Katako Ɗaya

Shekara goma sha huɗu Benson ya yi a sashen kashe gobara na wata masaƙa da ke Kakuri, kuma a duk tsawon shekarun nan sau ɗaya wuta ta taɓa tashi yana bakin aiki. Kwandon tsumma ne ya kama a bayan sito. Kafin ya tuna inda ya ajiye hular kwanonsa, wata mai shara ta kashe wutar da bokitin ruwan goge ƙasa. Amma in ka zauna da shi da la'asar a gindin mangwaron Unguwar Boro, inda dattawa ke buga diraf, za ka ji cewa wutar nan kwana uku ta yi tana ci, an hango hayaƙinta daga Kachia, kuma shi ne ya fito da Bature manaja a kafaɗa. A takarda, aikinsa riƙe makullin sito. Sunan Kwamanda kuwa shi ya raɗa wa kansa, mutane suka ga bai rage su da komai ba, suka bar masa.

Shekarar da soja suka koma bariki aka rantsar da farar hula, masaƙa ta fara rage ma'aikata. Kowace Juma'a sai a manna takarda a bakin get, mutane su yi cincirindo, kowa na neman sunansa yana addu'ar kada ya gani. Benson ya san mai riƙe makulli ba shi da wuyar sallama, makullin kawai za a karɓa. Ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Ya duba gabas ya duba yamma, sai idonsa ya faɗa kan Albert mai kemis, wanda ƙuri'a ta mayar da shi kansila, har an fara ce masa Honarabul.

Ya same shi a ƙofar gida yana gwada sabuwar hula a madubin mota.

"Honarabul, in wuta ta tashi a mazaɓarka yau, wa zai kashe?"

"Masu bokiti," in ji kansila.

"To ka ji. Gwamnatin farar hula guda, da bokiti. Abin da kake buƙata kwamitin kashe gobara ne, da shugaba wanda ya san wuta ciki da waje, da ofis, da babur."

"Ina zan samu irin wannan mutum?"

Benson ya ba shi lokaci ya gani da idonsa. Da ya ga bai gani ba, sai ya zayyana masa shirin. Ranar Asabar ake bikin godiya na cin zaɓe a filin gaban benen Madam Comfort. Benen nan an zuba masa kankaren sama watan jiya, ba a riga an yi matakalar hawa can ba. Shi Benson zai kawo motar tsani ta masaƙa, kansila ya hau har ƙoli ya yi wa jama'a jawabi, a tayar da ɗan hayaƙi, sannan shi ya ceto shi a gaban kowa.

"Duk faɗin ƙaramar hukumar Chikun ba kansilan da ya taɓa jawabi daga sama," in ji Benson.

Wannan maganar ce ta shiga. Kansila ya rubuta wasiƙa, masaƙa kuwa ba ta ga dalilin ɓata wa sabuwar gwamnati rai ba, ta ba da mota.

Motar tana da direba, Malam Ɗahiru, dattijo wanda in kalma ɗaya za ta isa ba ya yin biyu. Ranar Alhamis ya wanke ta, ya duba mai, ya buɗe akwatin gefe, ya tarar da shi wayam.

"Oga Benson, ina katakan?"

Ita motar tsani ƙafafun ƙarfe huɗu gare ta, masu fitowa ta gefe su dafe ƙasa kafin a ɗaga tsani, don kada nauyi ya kifar da ita. Ƙarƙashin kowace ƙafa kuma ana sa katakon maɗaci mai kauri, faɗinsa kamar ƙaramin tebur, shi ke hana ƙafar nutsewa. Katakan nan huɗu a hannun mai makulli suke.

"Suna hannu mai kyau," in ji Benson.

"Hannun wa?"

"Hannun jama'a."

Gaskiyar magana, motar ta shekara tara ba ta fita get ba, shi kuwa Benson mutum ne mai son a ce ya yi kyauta. Malam Ɗahiru ya rufe akwatin ya ce, "Ba katako, ba tsani." Ya tafi alwala.

Ranar Juma'a Benson ya fita karɓo kayan. Ya fara da Ɗanladi mai naman alade a kasuwar unguwar Television, wanda ya shekara shida yana sara a kan katakon har tsakiyarsa ta zama akushi.

"Ɗanladi, katakon nan zan ɗan ara zuwa gobe."

"In sara a kan me, cinyata?"

"Kayan masaƙa ne."

Ɗanladi ya ajiye adda. "Kwamanda, ranar da ka kawo shi, ce mini ka yi Bature ne ya ba ka kyauta, saboda ka fito da shi daga wuta."

Mata uku da ke jiran nama suka juyo. Benson ya dube su, ya dubi katako.

"Haka aka yi," ya ce.

"To Baturen ne ya aiko a karɓa?"

"Bai aiko ba."

"In ya aiko ka gaishe shi."

Na biyun yana gindin mangwaro, dattawa sun zana masa gidaje da fenti baƙi da fari, a kansa suke buga diraf. Suka saurari Benson har ya gama, sannan babbansu ya ce da a zamanin soja ne da sun miƙa ba musu, amma yanzu sai an kaɗa ƙuri'a. Aka ɗaga hannu. Goma sha ɗaya suka ce katako ya zauna. Benson ya nemi a sake ƙirga, aka sake, aka samu goma sha biyu, don wani mai wucewa ya tsaya. Na ukun kuwa wani kafinta a Mahuta ya daɗe da yanka shi ya yi kujerun tsuguno.

Saura na huɗu, shi ne gadar da ke kan kwatar ƙofar gidansa. Da sassafen Asabar ya ɗauke shi bai gaya wa kowa ba. Ya haɗa da dutsen niƙan matarsa, ya kwance ƙofar bayi, ya loda su duka a baro. Matar, Hephzibah, ta fito da katon baho na shinkafar biki a ka, tana waige tana yi wa yara faɗa, ta taka inda ta saba takawa shekara takwas. Ta shige kwata har gwiwa. Shinkafa dai ba ta zube ba.

Daga cikin kwatar ta dube shi, ta dubi baro.

"Baban Faith, ƙofar bayinmu ce wannan?"

"Ita ce."

"Ina za ta?"

"Aikin ƙasa."

Bai tsaya jin sauran ba.

Kwana biyu ana ruwa, filin biki ya jiƙe ya yi laushi kamar tuwon da bai huce ba. An kafa rumfuna, an jera kujeru, matan Zumunta na coci sun sha anko suna kaɗa tulu suna waƙa. Ƙarfe goma sha ɗaya mota ta shigo da jiniya, Benson na maƙale a gefenta da hular kwano da usur a baki, yana yi wa kaji nuni su kauce.

Ya sauka ya fara rabon ƙafafu. Ƙafa ɗaya ta samu katako. Ɗaya dutsen niƙa. Ɗaya ƙofar bayi. Ta huɗu, wadda ke gefen bene, ba ta da komai, har sai da idonsa ya kai kan wani shimfiɗaɗɗen kankare a jikin katanga, mai kusurwa huɗu, sumul.

"Allah ya riga ya zuba mana wannan," ya ce.

Madam Comfort mai benen ta taso daga kujerarta. "Kwamanda, wannan wurin ai…"

"Madam, ke kin san haya, ni na san wuta. Kowa ya tsaya a fanninsa."

"To," in ji ta. Ta ɗauki kujerarta ta koma can ƙarshen fili, ta aika a ce wa 'yan haya su rufe tagogi.

Malam Ɗahiru ya zagaya ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan kankaren ya buga shi da dunduniya, ya saurara.

"Wurin nan yana amsawa."

"Kankare ne, Malam."

"A sama. Ƙasan fa?"

"Ƙasa ce. Ƙarƙashin komai ƙasa ce."

"Ba zan ɗaga ba." Ya samu benci ya zauna.

Benson ya ga mai lasifika ya riga ya sanar, ga kansila ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya haye bayan mota, inda hannuwan ƙarfe shida ke jere, ya ja wanda ya fi sheƙi. Ƙafafu suka sauka. Ƙofar bayi ta naɗe kamar ganyen alale.

"Ta zauna ke nan," ya gaya wa na kusa.

Ya ja wani hannun. Tsani ya tashi, amma maimakon ya nufi bene sai ya juya hagu, ya saƙalo rumfar matan Zumunta, ya ɗaga ta sama da igiyoyinta. Matan suka ga rana a kansu, suka ɗaga kai suka duba, suka ci gaba da waƙa, don ba a kai ƙarshen baiti ba. Benson ya ja na uku, rumfa ta yi shawagi ta sauka a kan teburin manyan baƙi.

Malam Ɗahiru ya taso a hankali. "Sauko, kafin ka kashe wani." Ya juya wajen jama'a. "Zan ɗaga, don in ban ɗaga ba shi zai ɗaga. Amma kowa ya shaida na faɗa. Duk wanda ke gefen nan ya koma wancan."

Ya ƙi taɓa komai sai da gefen bene ya zama ba kowa, har akuya sai da aka kora. Sannan ya miƙa tsani sannu a hankali, ya jingina shi da bakin kankaren sama.

Kansila ya fara hawa, ya tattare riga a kafaɗa. Benson na biye da shi, da kwalbar kananzir a aljihu, idonsa a kan dunduniyar kansila, bai yarda ya dubi wani wuri ba. Sun kai rabi sai dutsen niƙa ya tsage biyu, da ƙara kamar ta bindiga.

Wata guda ke nan da rantsar da gwamnati, kunnen kowa bai gama hucewa ba. Wani daga baya ya ce, "Soja sun dawo." Rabin taro ya watse. Wani mai riga da hoton kansila ya tuɓe ta ya juya bai ya mayar. Mai lasifika ya kashe na'ura ya kunna rediyo, ya ji ko an sa badujala.

Kansila ya tsaya cak a kan tsani, ya cire hula ya cusa a aljihu.

"Benson, harbi ne?"

"Dutsen niƙa ne, ranka ya daɗe."

"Ka tabbata?"

"Na matata ne. Na san muryarsa."

Kansila ya mayar da hula. Da aka ji rediyo na tallar sabulu, waɗanda suka gudu suka dawo ɗaya-ɗaya, kowa na cewa fitsari ya je.

Suka isa sama. Kansila ya tsaya a baki ya ɗaga hannu biyu, jama'a suka tafa, ya fara jawabi a kan ruwan famfo da kwalbati. Benson ya lallaɓa baya, ya tara buhunan siminti fanko da magina suka bari, ya yayyafa kananzir, ya ƙyasta ashana. Hayaƙi ya tashi yadda ake so. Ya gyara hular kwano, ya sa usur a baki, ya juya wajen tsani don fara ceto.

Tsanin ne ya fara tafiya. Kankaren da ke jikin katanga murfin sokawe ne, ramin da duk bayin benen ke zuba a ciki, kuma ya yi iyakar haƙurinsa. Ya buɗe baki, ƙafar ƙarfe ta shige, mota ta durƙusa a hankali kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Tsani ya rabu da bene, ya yi gefe, ya kwanta a kan katangar Madam Comfort, katangar ita ma ta kwanta. Malam Ɗahiru ya kashe inji ya sauko ta ɗaya gefen. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Daga nan wari ya fito ya gaisa da kowa.

Kansila ya dubi inda tsani yake a da.

"Wannan ma yana cikin shiri?"

"Kusan," in ji Benson.

A bayansu wuta ta gama da buhuna, ta koma kan tarin katakon da magina suka yi zubi da shi. Yau ga Benson ga wuta ta gaskiya, mai harshe da zafi. Ya busa usur. Wuta ba ta kula ba. Ya leƙo ya ɗaga murya.

"Malam Ɗahiru, a sako ruwa."

"Motar tsani ce, Oga. Ba ta ɗaukar ruwa."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ƙera ta."

Benson ya sake busa usur, ya zagaya wutar ta dama, ya zagaya ta hagu, yana ba da umarni ga mutanen da ba sa wurin. Kansila ya ga in ya jira ceto zai gasu. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki kwanon leburori, ya dinga ɗibar yashin da ke tare a kusurwa yana watsawa. Mutum ne da ya shekara ashirin yana ɗaga kwalayen magani, hannunsa bai mutu ba. Kwano na goma sha biyar wuta ta mutu.

Daga ƙasa jama'a ba su ga komai ba sai kansilansu a singileti yana yaƙi da wuta shi kaɗai. Aka ɗauki tafi. Matan Zumunta suka toshe hanci da gefen zane, suka ɗauko sabuwar waƙa da sunansa a ciki.

Kansila ya zauna a kan bulo yana haki, fuska duk baƙi.

"Benson, a shirin naka, wa ya kamata ya ceci wa?"

"Ranka ya daɗe, shiri yakan canja a fagen fama."

"Kwamitin ma ya canja."

"A wane ɓangare?"

"Ɓangaren shugaba."

Suka zauna sa'a biyu a rana, kafin magina su iso daga Mahuta da tsanin katako biyu, suka ɗaure su baki da baki da igiya. Kansila ya sauka, matasa suka ɗaga shi a kafaɗa suka zagaya fili da shi, suna kauce wa gefen ramin.

Benson ya zo bakin kankare, ya dubi ƙasa karo na farko tun da ya hau. Mutane sun zama ƙanana. Tsanin yana lanƙwasa a wajen ɗaurin. Ya ja da baya taku biyu.

"Oga, sauko," in ji wani magini.

"Ina duba ko wutar ta mutu sosai."

"Ta mutu."

"Kwamanda shi ne na ƙarshen barin fage."

"Ai kai ne na ƙarshen."

Benson ya ce akwai sauran bincike. Dattawan diraf suka jawo benci suka zauna kallo. Ɗanladi, wanda ya zo cin shinkafa, ya ba da shawara a bar shi, yunwa za ta sauko da shi. Madam Comfort ta ce in zai kwana a can to ya sani ɗaki ne, kuma ba ta ba da ɗaki kyauta.

Sai taro ya dare, Hephzibah ta ratso tana ɗingishi, da ɓari ɗaya na dutsen niƙa a kowane hannu. Ta ajiye su a gindin tsani. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Faith, ka sauko ko in hau."

Benson ya auna tsayin bene, ya auna matarsa. Ya juya baya, ya rufe ido, ya fara laluben matakala da ƙafa. Ya sauko a hankali, yana rungume kowane mataki kamar ɗan'uwan da aka daɗe ba a gani ba. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya buɗe ido, ya gyara hula, ya juya wajen direba.

"Malam, a rubuta a rahoto: mutum biyu sun kuɓuta, ba asarar rai."

"Za a rubuta," in ji Malam Ɗahiru. "Riƙe wannan."

Sarƙa ce mai kauri. Masaƙa ta aiko da motar janwe, da saƙon cewa kada wanda ya dawo get sai da motar tsani. Masu janwe sun duba sun ce ba za ta ɗagu ba sai an ɗaura sarƙa a gindin ƙafar da ta nutse, gindin kuwa yana can cikin rami.

"Me ya sa ni?"

"Ni zan riƙe sitiyari. Kai ka zaɓi wurin."

Benson ya duba ko akwai mai son taimaka wa ƙasa. Kowa ya samu abin kallo a wani gefen. Ya tuna takardar bakin get, ya tuna Juma'a ba ta da nisa. Ya cire agogo ya miƙa wa matarsa, ta karɓa ta ƙulle a gefen zane. Ya naɗe wando, ko da yake kowa ya ga naɗewar ba za ta yi amfani ba, ya kama sarƙa ya zura ƙafa. Ya shiga har ƙugu.

Madam Comfort ta tako tsakiyar fili, ta ɗaga kai wajen tagogin benenta.

"Kada kowa ya shiga bayi ya ja ruwa. Kwamanda yana ciki."

Duk 'yan haya suka ji, ban da mutum ɗaya.